Yadda ake saka facin tsaro a kwamfutar Windows ba tare da ta ɓata maka aiki ba

Mutane da yawa abu na farko da suke nema in kwamfuta ta zo hannunsu shine yadda za su kashe abdet ɗin Windows gaba ɗaya, wai yana shanye data, yana sa ta nauyi, ga kuma ristat da take yi da kanta ana tsakiyar aiki. Duk ƙorafin nan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma kowanne yana da saitin da ake gyara shi, kashe abdet ɗin kuwa barin ƙofa ne a buɗe, kuma abun yana damuna sosai saboda yawancin masu yin hakan basu san me suka kashe ba.

Windows manhaja ce mai girman gaske, mutane ne suka rubuta ta, dole a samu kurakurai a ciki. Wasu kurakuran ba komai, wasu kuwa ɓaraka ce da ɗan kutse zai bi ya shigo ya karanta fayilolinka, ko ya kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a birauza, ko ya kulle komai yace sai ka biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk ɓarakar da aka gano ana bata lamba mai farawa da CVE, tsarin da aka fara tun 1999, sannan a bata maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon haɗarinta, daga 9 zuwa sama kam ba a wasa da ita. Microsoft kuma tun Oktoban 2003 suke fitar da facin tsaro, wato abdet mai toshe irin waɗannan ɓarakar, a ranar Talata ta biyu na kowane wata. In abu yayi tsanani basa jiran Talatar, kamar yadda sukayi a Yulin 2021 kan ɓarakar sashen firinta da ake kira PrintNightmare.

Ga abun da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakai. Ranar da faci ya fito, ranar ce kuma duniya ta san inda ramin yake, domin masu kutse suma suna sauke facin nan, su ɗauki tsohon fayil su gwada da sabo su ga daidai inda aka gyara, shikenan sun san inda za su buga a duk kwamfutar da bata saka ba. Dubi abun da ya faru da bayiros ɗin WannaCry ka ga haɗarin jinkirta faci. Microsoft sun fitar da gyaran mai lamba MS17-010 ranar 14 ga Maris 2017, bayiros ɗin bai ɓarke ba sai ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu facin yana nan kyauta yana jiran mai sakawa. Ya kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, asibitoci a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, kuma ba sai ka danna wani linki ba, shi da kansa yake tsallakawa daga wannan kwamfutar zuwa waccan ta netwok, ya kulle fayiloli ya nemi dala 300.

Toh mataki na farko, ka san wace Windows ce a gabanka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver ka danna Enter. Wani ɗan akwati zai fito da layi kamar haka: Version 24H2, OS Build 26100, sai ɗigo, sai wasu lambobi a bayan ɗigon. Rubuta wannan layin a takarda ko ka ɗauke shi hoto da waya, za mu dawo kansa, domin lambar bayan ɗigon nan ita ce take ƙaruwa duk lokacin da facin wata ya shiga da gaske. In ka ga Windows 11, kowane zubi (wato Version, irin 24H2 ɗin nan) na Home da Pro wata 24 yake samun faci, bayan nan sai ka hau na gaba. In Windows 10 ce, an daina mata facin yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 8.1 ta ƙare 10 ga Janairu 2023, Windows 7 kuma 14 ga Janairu 2020. Masu waɗannan su bi ni zuwa ƙasa, akwai maganarsu daban.

Na biyu, shiri. Wannan ne mutane suke tsallakewa kuma shine yake raba abdet mai daɗi da na kuka. Kwafe muhimman fayilolinka zuwa filash ko diskin waje, in ka gama ka cire shi daga jikin kwamfutar, domin bayiros mai kulle fayil duk abun da yake haɗe da ita yake kamawa. Duba ma'ajiya a Settings, System, Storage, ka tabbatar akwai wuri, giga 10 zuwa 20 a sake zai ishe ka facin wata, babban sauyin zubi kuwa gara ka bar masa fiye da haka. In laftof ce ka saka ta a caji, in ta tebur ce kuma ka san wuta na iya ɗaukewa to ka jira lokacin da kake da tabbaci ko ka haɗa ta da UPS.

Sai maganar BitLocker, tsarin Windows mai kulle diski da sirri, don Allah kar ka tsallake wannan. Sabbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da diskinsu a kulle da sirri ba tare da mai ita ya sani ba, yana aiki lafiya lau har ranar da aka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada injin kafin Windows, ko aka taɓa wani saitin tashi, sai kawai shuɗin sikirin ya fito yana neman lamba 48, in baka da ita babu mai gyaran da zai iya fito maka da fayilolinka. Shiga Settings, Privacy & security, ka duba Device encryption. In a kunne yake, buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey da asusun Microsoft ɗin da kake shiga kwamfutar da shi, za ka ga lambar, ka kwafe ta a takarda ka adana wani wuri daban, kar ka ajiye ta cikin kwamfutar da ita ce za ta kulle. In ta ofis ce, masu kula da kwamfutocin wajen aikinku ne ke riƙe da lambar. Daga nan ka rubuta Create a restore point a wajen bincike, ka tabbatar Protection yana On a kan diskin C, ka danna Create ka bashi suna. Minti biyu ne. Amma ka sani saitin sistem kawai yake ajiyewa, hotunanka da takardunka basa ciki.

Na uku shine neman facin kansa. A Windows 11 ka shiga Settings, Windows Update yana can ƙasa ta hagu. A Windows 10 kuma Settings, Update & Security. Danna Check for updates ka ɗan jira. Abubuwa da dama za su jero kuma ba duka bane darajarsu ɗaya. Wanda ke ɗauke da shekara da wata da kalmar Cumulative ko Security Update da lamba mai farawa da KB, shine babban, shine facin watan. Daɗin abun shine tarawa yake, na wannan watan yana ɗauke da duk na baya, saboda haka ko ka yi wata shida baka saka ba ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Za ka ga na .NET, shima ka barshi ya shiga. Za ka ga KB890830, wannan ɗan share mugayen manhajoji ne da yake zuwa duk wata. Sai KB2267602 na Defender, antibayiros ɗin Windows, ƙarami ne, yana zuwa kullum har sau da yawa a rana, kar ganinsa yau da gobe yasa kace abdet ya maƙale.

Wanda aka rubuta masa Preview kuwa, wanda yake fitowa wajen ƙarshen wata, ba dole bane. Gyare-gyare ne da sabbin abubuwa da za su shigo cikin facin wata mai zuwa, ni shawarata in da kwamfutar kake neman abinci ka ƙyale shi. Haka maɓallin nan na Get the latest updates as soon as they're available, barinsa a kashe baya hana ka facin tsaro ko kaɗan. Direbobin da ke cikin Optional updates suma in komai yana aiki, sauti yana fita, Wi-Fi yana kamawa, to ba sai ka taɓa su ba. Na BIOS daban ne, yakan ɗauko gyaran tsaro, ka saka shi amma da caji a jiki da lambar BitLocker a hannu, kuma kar ka kashe ta a tsakiya ko da me.

Yanzu ristat. Nan ne akafi yin asara, mutum ya ƙona datarsa ya sauke faci, ya ga an rubuta Pending restart, ya rufe murfin laftof ya tafi, gobe ya buɗe ya cigaba, haka har sati uku, a ransa yayi abdet alhali ramin yana nan yadda yake. Dalili kuwa fayilolin da za a canza Windows tana kan amfani da su, baza ta iya musanya su ba sai ta sauka ta sake tashi. Kuma danna Shut down zalla ba lallai ya wadatar ba, saboda akwai Fast startup da yake ajiye zuciyar sistem ɗin a diski don ta tashi da sauri, kaga bata mutu gaba ɗaya ba kenan. Ajiye aikinka, rufe manhajoji, ka zaɓi Restart now, ko Update and restart a wajen maɓallin kashewa. Za ta nuna kashi-kashi, sau da yawa ta kai 30 sai ta mutu ta sake tashi ta ɗora daga nan, wani lokacin ta tashi sau biyu ko uku, duk daidai ne. Tana iya tsayawa a lamba ɗaya tsawon lokaci kamar ta daskare, musamman mai tsohon diski mai juyawa, in fitilar diski tana ƙyaftawa ko fanka tana hurawa to aiki take. Ka bata awa biyu ma kafin ka fara tunanin danne maɓallin wuta, domin kashe ta a wannan gaɓar shine yake lalata Windows fiye da facin kansa.

Ta dawo? Kar ka yarda tukuna. Koma Windows Update ka sake danna Check for updates, sau da yawa wani yana ɓoye sai na farko ya shiga sannan ya fito, kayi ta yi har ta ce You're up to date. Shiga Update history ka ga an rubuta Successfully installed a gaban KB ɗin watan. Sannan ka sake buga winver ka gwada da hoton da ka ɗauka ɗazu, in lambar bayan ɗigo ta hau, faci ya zauna.

Sai mu zo kan ƙorafe-ƙorafen nan na farko, yawanci a Advanced options na shafin Windows Update ake maganinsu. Ristat ana cikin aiki: saita Active hours, har awa 18 zaka iya bata a matsayin lokacin aikinka, baza ta tashi da kanta a ciki ba, ka kuma kunna sanarwar da take gaya maka in ana buƙatar ristat. Cin data: shiga Network & internet, ka buɗe bayanan Wi-Fi ko hotspot ɗin da kake amfani da shi ka kunna Metered connection, zata daina jan manyan abdet da kanta a wannan layin. Sai dai fa in ka yi haka nauyin ya dawo wuyanka, dole ka sa wa kanka tunatarwa a waya, duk Laraba ko Alhamis bayan Talata ta biyu ka nemi intanet mai yalwa ka danna da hannunka. In kuna da kwamfutoci da yawa a netwok ɗaya, Delivery Optimization zai taimaka, ka zaɓi Devices on my local network, ɗaya ta sauke sauran su ɗiba daga wajenta. Akwai kuma Pause, har sati 5 yake kaiwa, yana da amfani in kana da jarrabawa ko wani aiki da baka so a taɓa maka komai, amma sati ɗaya ya isa, biyar yayi yawa. Kafin ka fita daga shafin ka kunna Receive updates for other Microsoft products.

Windows Update baya kula da duk abun da ke kwamfutarka, kuma birauza ita ce tafi kowa cin karo da mugayen shafuka. A Chrome danna ɗigo uku na sama, Help, About Google Chrome, zai duba da kansa, in ya gama ka danna Relaunch, shima sai an rufe an buɗe yake zama, masu tara shafi hamsin a buɗe wata guda ku ji wannan. Edge da Firefox kusan haka ne. Office kuma File, Account, Update Options, Update Now. Sauran manhajoji akwai hanya mai sauƙi, buɗe Terminal ko Command Prompt ka rubuta winget upgrade, zai jero maka duk waɗanda suka tsufa da sabon zubinsu a gefe, in ka gamsu ka rubuta winget upgrade --all. WinRAR misali, manhajar ƙunsa fayiloli da warware su, baya sabunta kansa, a 2023 an gano ɓaraka a cikinsa da buɗe fayil ɗin da aka ƙunsa kawai ya isa a shigo maka, an gyara a zubi na 6.23, amma duk wanda bai sauke sabo da hannunsa ba har yau tsohon yake ɗauke da shi. Abun da baka amfani da shi kuma ka cire shi kawai. Manhajar da aka fasa aka saka maka ta bayan fage ita kam matsalarta biyu, yawanci an toshe mata hanyar abdet don kar a gane ta, sannan baka san me aka cusa a ciki ba.

In abdet ya ƙi shiga, bi su a jere daga mai sauƙi. Ristat ka sake gwadawa. Duba kwanan wata da agogon kwamfutar, in sun karkace bata iya gaisawa da sabar Microsoft yadda ya kamata. In ka ga 0x80070070 wuri ne ya ƙare, share tarkace da Disk Cleanup. Sai mai gano matsala da ke Settings, System, Troubleshoot, Other troubleshooters, Windows Update. Bai yi ba? Buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, yana ɗaukar lokaci kuma yakan tsaya a wani kashi kamar ya mutu, ka barshi, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow, ka yi ristat. In har yanzu, to wataƙila abun da aka sauke ne ya lalace: rubuta net stop wuauserv, sai net stop bits, ka je C:\Windows ka canza wa foldar SoftwareDistribution suna zuwa SoftwareDistribution.old, ka yi ristat, Windows zata ƙirƙiri sabuwa ta sauke daga farko. Hanya ta ƙarshe, kwafi lambar KB ɗin ka neme ta a Microsoft Update Catalog, ka zaɓi wanda ya dace da zubinka da nau'in injinka, x64 ko ARM64, ka saka da hannu. Wannan hanyar tana da amfani ma in kana son sauke faci sau ɗaya ka zagaya da shi a filash.

Wani lokacin kuma facin ne zai shiga ya ɓata wani abu, firinta ta daina aiki ko wata manhaja ta ƙi buɗewa, yana faruwa, ba ƙarya bane. Update history, Uninstall updates, ka cire na ƙarshen. In ma ta ƙi tashi gaba ɗaya, bayan ta gaza sau biyu a jere zata kai ka shuɗin shafin gyara da kanta, ko ka riƙe Shift ka danna Restart in kana iya kaiwa wajen shiga, daga nan Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka zaɓi latest quality update. In babban sauyin zubi ne kana da kwana 10 ka koma ta Settings, System, Recovery, Go back. Bayan ka cire ka yi Pause na sati ɗaya don kar ya dawo da daddare, amma ka tuna ka cire har da gyaran tsaron watan, saboda haka da zarar sun fitar da gyararre ka mayar.

Hattara da abdet na bogi. Kana cikin wani shafi sai sanarwa ta tashi wai birauzarka ta tsufa danna nan, ko imel ya shigo da fayil a maƙale wai facin gaggawa daga Microsoft, ko shafi yace ka danna Windows da R ka liƙa wani umarni don gyara matsala. Duk tarko ne. Microsoft basa aiko faci ta imel, basa kiran waya, abdet na gaskiya daga cikin Settings yake fitowa ko daga cikin manhajar kanta.

Masu tsohuwar Windows, ku kam danna Check for updates bazai ƙara muku komai ba in an daina tallafa mata, zata iya nuna komai lafiya alhali sabbin ramuka suna ta taruwa, kuma antibayiros baya toshe ramin da ke jikin sistem. Fara da manhajar Microsoft mai suna PC Health Check ka ga ko injin zai ɗauki Windows 11, tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro a jikin injin, da Secure Boot, da RAM giga 4, da ma'ajiya giga 64, da firosesa da ke cikin jerin da suka amince, a Intel galibi daga ƙarni na 8. Sau da yawa TPM ɗin yana nan a kashe ne kawai a BIOS, a Intel sunansa PTT, a AMD kuma fTPM, kunna shi ka sake gwadawa. In Windows 10 ce zubi na 22H2, akwai shirin ESU na ƙarin facin tsaro ga mutane har 13 ga Oktoba 2026, ana shiga ta Enroll now a shafin Windows Update da asusun Microsoft. In injin bazai hau ba sam, gaskiya gara ka saka masa Linux irin Ubuntu LTS mai samun facin tsaro shekara 5, ko Linux Mint, da ka cigaba da shiga banki da imel a kan Windows 7. A can umarni biyu ne, sudo apt update sannan sudo apt upgrade, in an taɓa kernel, wato zuciyar sistem ɗin, ka yi ristat. Wadda kuma dole sai an barta da tsohuwar Windows saboda wata na'ura ko manhaja da bata aiki a sabuwa, a cire mata wayar netwok, a kashe mata Wi-Fi, duk filashin da za a soka mata a fara duba shi a wata kwamfutar mai cikakken faci.